ABIN DA NA KOYO A ƘARƘASHIN BAHAR MALIYA

Daga Wakilinmu, Kwamba, Suleja

Duk wanda ya tashi a Kwamba, ko wata unguwa ta garin Suleja, ya san dokar da iyaye suka fi tsanantawa a kan yara idan damina ta sauka, watau kada wanda ya kuskura ya je kogi. Mu ma an kafa mana wannan doka, mun kuwa karya ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A kogin Iku na koyi iyo a sace, na kuma sha bulala a kansa, don kuwa jan ido da jiƙaƙƙen wando ba su taɓa rufa wa yaro asiri ba.

Muna aji biyar na firamare ruwa ya ci wani abokinmu. Ina iya tuna yadda jama'a suka cika gaɓa, maza da mata, kowa ya zuba wa ruwa ido, amma ba mai ikon shiga. Sai da aka aika wani ƙauye aka ɗauko wani dattijo masunci, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi ta nutsewa yana ɓullowa, ba shi da kome sai numfashin da ke ƙirjinsa. Washegari da hantsi ya fito da gawar. Tun daga ran nan na ɗauka nutso wani asiri ne da ake gada, wanda ba a ba shi a gidansu ba kuwa ba shi da rabo.

Ina nan a kan wannan zato har kwanakin baya, sa'ad da aiki ya kai ni ƙasar Masar domin wani ɗan gajeren kwas na 'yan jarida a birnin Alƙahira. Da aka gama na sami mako guda kafin ranar komowa, sai na bi shawarar wani abokin karatu, na shiga mota zuwa wani gari na bakin teku da ake kira Dahab, na ba da sunana a makarantar koyon nutso da tukunyar iska. Abin da na koyo cikin kwana huɗu shi nake so in labarta wa masu karatu. Ya shafi duk mai niyyar gwadawa in ya fita waje, ya kuma fi shafar mu da ke zaune a jihar da koguna suka ratsa ta ko'ina.

GARIN DAHAB

Dahab, watau zinariya da Larabci, yana yankin Sina'i ne, a gaɓar wani reshe na Bahar Maliya wanda ake kira mashigin Aƙaba. In mutum ya tsaya a bakin ruwa yana hango duwatsun ƙasar Saudiyya a ƙetare. Bahaushe ya daɗe da sanin sunan wannan teku. Mun ji shi a ƙissar Annabi Musa, Alaihis Salamu, da Fir'auna, mun kuma ji shi a bakin kakanninmu waɗanda suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda. Su ta samansa suka bi. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa shi ne yau ke jawo baƙi daga kowace kusurwa ta duniya.

Makarantar da na shiga tana bin tsarin ƙungiyar PADI ne, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1966, takardar shaidarta kuwa ana karɓarta a ƙasashe da yawa. Kafin a nuna mini ko da tukunya, sai da na cika takardar bayanin lafiyata. Sa'an nan aka ce in yi iyon mita 200 ba tsayawa, in kuma zauna bisa ruwa minti 10 ba tare da na kama kome ba. A nan iyon Iku ya yi mini rana, na ce ashe bulalar nan ba ta tafi a banza ba.

KAYAN AIKI

Babban kayan aiki ita ce tukunya, mai kama da tukunyar gas ta girki amma siririya, wadda ake goyawa a baya. Mutane da yawa suna zaton iskar oksijin ce a ciki irin ta asibiti, alhali kuwa iskar nan ce da muke shaƙa kullum, an tace ta an danna ta da inji. Tukunya mai cin lita 12 akan cusa mata iska ninki 200, watau lita 2,400 ke nan. Iska mai irin wannan ƙarfi ba ta shaƙuwa haka nan, don haka akwai wata na'ura da ake ɗaura wa bakin tukunyar, mai bututu har zuwa bakin mutum, wadda ke rage ƙarfin iskar, ta kuma ba da ita sa'ad da aka ja numfashi kaɗai. Wasu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, su suka ƙera wannan na'ura a 1943, daga nan ne kuma nutso irin wannan ya bazu a duniya.

Sauran kayan su ne tabarau mai rufe ido da hanci, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar roba saboda sanyi, da ɗamarar dalma wadda ke taimakon mutum ya nutse, da wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta don a daidaita nauyi, da agogon da ke nuna zurfi da sauran iskar da ta rage. A tudu kayan nan sun kusa karya mini baya. Da shigata ruwa sai na ji kamar an sauke mini su.

DOKAR FARKO

Darasin farko a aji aka yi shi, da allo da alƙalami. Malaminmu, wani Bamisire mai haƙuri, ya bayyana mana cewa iskar da ke bisa kanmu a tudu tana da nauyi, ko da yake ba mu jin sa. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa yana ƙara masa kwatankwacin wannan nauyi sau ɗaya. A mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Iska kuwa in aka matsa ta takan tsuke, in aka sake ta takan kumbura. Wani masani na Ingila, Robat Boyil, shi ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1662. In aka hura balan-balan a zurfin mita 10 aka sake shi, kafin ya iso sama ya ninka girmansa, in ya cika tun a ƙasa kuwa sai ya fashe.

To, huhun ɗan Adam shi ne balan-balan ɗin. Saboda haka dokar farko, wadda malamin ya yi ta nanatawa har muka haddace, ita ce kada mai tukunya ya riƙe numfashinsa ko sau ɗaya, balle sa'ad da yake hawa. Wanda ya cika ƙirji da iskar tukunya ya kulle maƙogwaro ya taso, ko da mita 2 ne, yana iya yage huhunsa, kumfar iska ta shiga jini ta toshe hanyar ƙwaƙwalwa.

Da na ji haka sai dattijon nan masunci ya faɗo mini a rai, tare da gwanayen da ke gasar nutso a wasan Kabanci na bikin kamun kifi na Argungu. Su gwanintarsu duka a riƙe numfashi take. Suna ɗaukar iskarsu a sama, huhu ya tsuke in sun yi ƙasa, ya koma yadda yake in sun taso, don haka wannan haɗari bai shafe su ba. Amma ran da aka goya wa irin wannan gwani tukunya ba tare da an koya masa ba, al'adar da ta daɗe tana tsirar da shi ita ce za ta fara cutar da shi. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

KUNNE DA HANCI DA HANNU

Rana ta biyu muka shiga ruwa mara zurfi, muka durƙusa bisa rairayi. Abin da ya fara damuna shi ne kunne, don ruwa yana danna fatar cikinsa tun daga mita ɗaya ko biyu. Maganinsa shi ne a toshe hanci da yatsu a hura a hankali har a ji kunnen ya buɗe, a riƙa yin haka tun kafin zafi ya zo. In ya ƙi buɗewa sai a ɗan yi sama a sake gwadawa, ba a tilasta masa. Dalilin da ya sa ake hana mai mura nutso ke nan.

Sa'an nan aka zo darasin da ya kusa mai da ni gida. Aka ce kowa ya cire tabaransa a ƙarƙashin ruwa, ya mayar, ya fitar da ruwan da ya shiga ta hanyar hurawa da hanci. Ina cirewa ruwan gishiri ya doki hancina, na manta da cewa iska tana bakina, na tofar da bututun na miƙe zumbur ina tari. Malamin bai yi faɗa ba. Ya bari sai da na huce, sa'an nan ya tuna mini cewa a nan na sami wurin miƙewa, amma a mita 18 babu shi. Muka yi ta maimaitawa har jikina ya saba. Daga baya na gane gashin bakina ma yana cikin abin da ke sa ruwa ya riƙa zurara cikin tabaran, da dare na rage shi. A ran nan na fahimci cewa tsoro ya fi ruwa saurin kashe mutum, maganinsa kuwa shi ne maimaita abu a wuri mara haɗari har hannu ya riƙa yin sa ko da hankali ya tashi.

Ba a magana a ƙarƙashin ruwa, sai da hannu. In aka haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, ma'anarsa lafiya lau. Ɗaga babban yatsa sama, wanda 'yan Facebook suka ɗauka alamar yabo, a nan ma'anarsa mu hau. Na taɓa ɗaga shi don murna, sai na ga malamin yana shirin fitar da ni. Ba a kuma yarda mutum ya nutsa shi kaɗai ba. Kowa yana da abokin tafiya, su duba wa juna kaya kafin shiga, kowannensu kuma yana da bututu na biyu da zai miƙa wa ɗan'uwansa in iskarsa ta yanke.

CIKIN TEKU

Sau huɗu muka shiga teku sosai, biyu na farko zuwa mita 12, biyu na ƙarshe zuwa mita 18, wadda ita ce iyakar da aka yarda wa sabon shiga. Kai, jama'a, ikon Allah da yawa yake! Ruwan garau, kana ganin abu daga nesa, kome kuma ya fi girmansa na gaskiya a ido da wajen sulusi. Ga duwatsun murjani, dangin wanda mata ke ado da shi, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar faifai. Ashe halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne ke gina ta a hankali shekara da shekaru, shi ya sa aka hana taɓa ta. Ga kifaye kala-kala suna wucewa ta gaban hancinka ba su kula da kai ba. Na ga kififiyar teku tana kiwo abinta. Jan launi shi ke fara ɓacewa in aka yi ƙasa, har wandon abokin tafiyata ja ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Ba ka jin kome sai ƙarar numfashinka da kumfar da ke tashi.

Amma fa ido ɗaya yana kan agogo kullum. A mita 10 iskar tukunya tana ƙarewa da saurin da ya ninka na sama, kuma ƙa'ida ce mutum ya fito da saura, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a hawa da gaggawa. Iyakar saurin da aka koya mana shi ne mita 18 a minti guda, in an rage ma ya fi, sa'an nan a dakata a mita 5 har minti 3.

Dalilin wannan dakatawa shi ne, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa wata iska ce da ake kira naitirojin. A ƙarƙashin matsi takan narke cikin jini da tsoka. In aka taso a hankali sai ta fita ta numfashi, in kuwa aka yi gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Kumfar nan tana kawo ciwon gaɓoɓi, da shanyewar jiki, har da mutuwa. Wani likita na Birtaniya, Jon Holden, shi ya fara tsara jadawalin hawa daki-daki a 1908.

Muna da misali a nan gida. A watan Mayu na 2013 wani jirgin jan kaya mai suna Jascon 4 ya kife a tekun da ke daura da Eskarabos ta Jihar Delta, ya sauka zurfin mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki wajen awa 60 cikin duhu, har masu nutso da aka aika neman gawawwaki suka same shi da rai. Duk da haka ba su fito da shi kai tsaye ba, don jikinsa ya riga ya sha naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a cikin wani ɗakin ƙarfe inda ake rage matsi kaɗan-kaɗan. Daga baya shi kansa ya koyi nutso ya mai da shi sana'a.

A arewacin Dahab kuma akwai wani rami a cikin teku da ake kira Shuɗin Rami, zurfinsa ya kai mita 100. A jikin dutsen da ke gefensa an manna alluna masu ɗauke da sunayen waɗanda suka halaka a ciki, da yawansu kuwa gwanaye ne da suka zarce iyakarsu. Daga wajen mita 30 naitirojin yana fara juya hankali kamar abin maye, mutum ya ga kuskure ya ɗauka daidai ne.

GA MAI NIYYA

'Yan'uwanmu ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suna zuwa Masar da Jidda da Zanzibar da Maleshiya, inda ake tallar irin wannan nutso a bakin teku. Wanda ya yi sha'awa, ya nemi ganin takardar shaidar malamin, ya kuma tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya ke riƙewa. Ya faɗi gaskiya a takardar lafiya. Mai asma, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko ciwon kunne, ko sikila, kada ya shiga sai ya ga likita, mace mai ciki kuwa ta haƙura. Ya riƙa shan ruwa isasshe. Ya sani nutson gwaji na yini ɗaya, wanda malami ke riƙe da hannun mutum, ba ya mai da kowa gwani. Kada kuma ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 in sau ɗaya ya nutsa, ko awa 18 in ya maimaita, domin matsi yana raguwa a cikin jirgi, kumfar nan tana iya tashi. Ni sai da na bar kwana guda cur kafin in nufi filin jirgi.

MU KOMO GIDA

Abin da baƙi ke biyan kuɗi su koya don nishaɗi a Dahab, mu a Jihar Neja buƙata ce ta rai da mutuwa. Kogin Kwara da kogin Kaduna sun ratsa mu, ga Gurara a nan kusa da Suleja, ga madatsun ruwa na Kainji da aka gama a 1968, da Jebba a 1985, da Shiroro a 1990, ga kuma na Zungeru. Ran 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra ta Jihar Kebbi da mutum fiye da 150 ya nutse. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi suna komowa daga ɗaurin aure a Jihar Neja. Ran 1 ga Oktoba, 2024, jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300, galibi mata da yara, ya kife a kusa da Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa suna cikin tafiyar Maulidi. A irin waɗannan ranaku masunta da gwanayen ruwa na ƙauyukan gaɓa su ne ke fara faɗawa ruwa, da numfashin ƙirjinsu kawai.

Kada a ɗauka takardar da na samo ta mai da ni mai ceto. Bahar Maliya garau yake, kogunanmu kuwa da damina ko tafin hannunka ba ka gani, ga igiyar ruwa, ga kututture da tsofaffin komaye, ga jan ruwa a bakin bututun madatsa. Wannan aiki yana buƙatar horo na daban mai tsawo. Har ila yau, wanda ya nutse mintuna kaɗan gare shi, don haka mai tukunya sau da yawa gawa yake tararwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021. Abin da ya fi tsirar da rai shi ne rigar ceto a jikin kowane fasinja, da barin lodin da ya wuce kima, da barin tafiyar dare, da koya wa yara iyo a gaban manya. Bulala ba ta hana mu zuwa Iku ba, ta dai sa muna zuwa ba da sanin kowa ba.

Bayan wannan, lalle muna buƙatar masu nutso ƙwararru a kusa da Kainji da Jebba da Shiroro, don neman waɗanda suka maƙale a cikin jirgin da ya kife, da fitar da gawawwaki a yi musu sutura, da cire kututturan da ke fasa jirage. Ba sai an je Masar ba, rundunar sojan ruwa tana da makarantar koyar da nutso a Ojo ta Legas. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da ke Lokoja, da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki da ke Minna, da gwamnatin jiha, suna iya haɗa kai su zaɓi 'ya'yan masunta ta hannun sarakunan ruwa, tare da ma'aikatan kashe gobara, a tura su horo. Waɗannan samari sun riga sun san halin kogi fiye da kowane baƙo, ilmin tukunya kaɗai ya rage musu.

Abin da nake tsoro shi ne a sayo tukwane a yi bikin raba su, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Mun dai ji abin da zai sami gwanin riƙe numfashi in aka goya masa tukunya ba horo. A fara da malami da allo, da injin cika iska mai tsabta, da wanda zai riƙa duba kayan, sa'an nan a raba.

Da na komo Kwamba na zaga bakin Iku da la'asar, na tarar da yara huɗu suna wanka, rigunansu a ɓoye cikin ciyawa kamar yadda muke yi a dā, ba kuwa babba ko ɗaya a wurin. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya saka wa masuntanmu da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, amin.